Na karya wa mijin ƙanwata muƙamuƙi a gidan ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai mutanenmu na unguwar Xiaobei ta Guangzhou da yawa a nan kuma ba na son a gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ban ci abincin kirki ba, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni ɗan Kano ne, shekarata tara a Guangzhou, ina da ɗan ofis a ginin Tianxiu inda nake yi wa mutanenmu lodin kaya zuwa gida, kuma da matata muke zaune a nan. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Rahama duk da ba sunanta ba ne, ita ke bi na kuma ita kaɗai ce mace a ɗakinmu. Mijinta, a ce Kabiru, abokina ne tun firamare, benci ɗaya muka zauna. Ni na fara kai shi gidanmu, ni na tsaya masa wajen Baba da maganar aure ta taso, na ce wannan ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Shekararsu shida da aure, 'ya'yansu biyu.

Wannan karon da zai zo sarin kaya sai ya taho da ita, don ta daɗe tana son ganin China, suka bar yaran wajen mahaifiyarsa. Sati biyu muna zagaya kasuwannin Liwan tare, ni ban ga komai ba. Matata ce kawai ta ce min ta lura Rahama ba ta amsa tambaya sai ta fara kallon fuskarsa, ko da shayi aka ce za ta sha. Na ce mata ladabi ne, ki bar sa ido.

Ranar Litinin da muka gama lodi na ce bari in fitar da su su huta, muka tafi wani wurin wasan ƙanƙara a bayan gari. Ga wanda bai sani ba, garin nan ƙanƙara ba ta sauka, zafi ne kamar na gida, to sai suka gina wani ƙaton gini kamar firiza, suka yi tudu a ciki suka lulluɓe shi da ƙanƙara, mutane na zamiya a kai riƙe da sandunan ƙarfe biyu. A ƙofa ake ba ka riga mai kauri da hular kwano. Hawa saman tudun kuwa da wasu kujeru ake yi, rataye a jikin igiyar ƙarfe suna tafiya a sama, ƙafarka na lilo a iska, ba abin da ya tare ka sai ƙarfe ɗaya da ake saukewa a gaban cikinka.

Rahama tun tana yarinya take tsoron sama, ko a bene ba ta leƙa ƙasa. Ta ce ita za ta jira mu a ƙasa. Kabiru ya yi dariya ya ce sai ta hau, yana son ɗaukar bidiyo ya tura wa yara. Ni ma na sa baki, na ce haba Rahama ki daure mana, minti nawa ne. Wannan maganar tawa har yanzu tana ci na.

Safiya ce kuma ranar aiki, ba mutane sosai. Su biyu suka hau kujerar gaba, ni da matata muka hau ta bayansu, tsakaninmu kamar faɗin titi. Matata ta kunna bidiyo a wayarta tana ɗauka. Mun kai tsakiya, inda ya fi ko'ina nisa da ƙasa, kamar bene hawa uku, sai igiyar ta tsaya cak. Daga baya muka ji wani ne ya faɗi a wajen hawa shi ya sa ma'aikata suka tsayar. Amma tsayawar ta zo da ƙarfi, kujerun suka yi gaba suka yi baya kamar za su zubar da mu. Ana ta magana a lasifika da yarensu ba ma ji sosai. Rahama ta ƙwalla ƙara ta cafke hannun Kabiru, hannun da yake riƙe da waya, wayar ta suɓuce ta faɗa ƙasa.

Jama'a abin da na gani bayan nan ban taɓa zaton zan gani ba. Ko kallon wayar bai gama yi ba ya kai mata gwiwar hannu a baki, kanta ya bugi ƙarfen kujera, ƙarar hular har inda muke. Ya bi ta da naushi a gefen fuska, ɗaya, biyu, uku, a natse, kamar mai yin aikin da ya saba. Sannan ya ɗaga ƙarfen da ya tare su, ya kama ƙeyarta ya danna ta gaba, rabin jikinta ya fita daga kujerar, hannunta ɗaya ne kawai riƙe da ƙarfen gefe. Wurin yana amsa murya, ina jin sa yana cewa ki duba ta, ki duba abin da kika yi. Kujerar tana ta lilo. Jini yana ɗiga daga bakinta yana sauka a kan farar ƙanƙara. Abin da ya fi komai kashe min jiki shi ne ba ta yi ihu ba, ita da ta yi ƙara don kujera ta girgiza, yanzu ba abin da take cewa sai ka yi haƙuri, ka yi haƙuri.

Na kira sunansa har muryata ta dishe, na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Ba ruwanka, matata ce." Ban san lokacin da na ɗaga namu ƙarfen ba, wallahi dira zan yi, ban ma yi tunanin in na dira me zan iya yi mata daga ƙasa ba. Matata ta saki wayar, Allah ya sa da igiya a wuyanta, ta ruƙunƙume ni da hannu biyu tana cewa, "Baban Hanif in ka dira mutuwa za ka yi, ta rasa mai raba ta da shi." Haka na zauna ina kallo. An ce minti bakwai muka yi a tsaye. Da igiyar ta motsa sai ya ja ta ya zaunar, ya sauke ƙarfen, ya goge mata baki da safar hannunsa, ya gyara mata hijabi a ƙarƙashin hular.

Nan zan faɗi nawa laifin, don ban zo in wanke kaina ba. Kujerarmu ba ta gama isa ba na dira, na fizgi sandar ƙarfe a hannun wani ɗan China da ke tsaye, na rufe Kabiru da duka. Sandar ta lanƙwashe na jefar, na tuge hular kansa na ci gaba da buga masa ita a fuska, yana ƙasa ina kansa. Na ji lokacin da wani abu ya karye kuma ban tsaya ba. Rahama ce ta faɗo a kansa ta kare shi da jikinta, dukan da na kawo ya sauka a kafaɗarta. Wannan ne ya tsayar da ni, kafin masu gadi huɗu su danne ni. Ya rasa haƙora biyu, muƙamuƙinsa ya karye, an ɗaure masa shi da waya a asibiti. Ban yi nadamar dukansa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na san da ba ta faɗo a kansa ba da yanzu kisan kai ne a wuyana.

A wajen 'yan sanda aka kawo tafinta. Rahama ta ce ƙarfen kujera ne ya buge mata baki lokacin da aka tsaya, mijinta riƙe ta ya yi don kada ta faɗi. Sau uku suna tambayarta tana maimaita haka. Kabiru kuma daga asibiti ya rubuta cewa ba ya son shari'a, maganar gida ce. Na sa hannu a takarda, suka gargaɗe ni cewa in aka sake kawo ni kan faɗa to takardar zamana ta tafi.

Da yake yana asibiti sai muka kwaso akwatunansu daga otal muka taho da ita gidanmu. Kafaɗar ta kumbura ba ta iya ɗaga hannu, matata ta shiga taya ta cire kaya, ta fito tana kuka. Ta ce bayan Rahama duk tabo ne, sabo da tsoho, wasu shatar wayar wuta. A nan ta faɗa mata komai. Shekara huɗu ke nan ana yi. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Karayar hannun da ta yi bara, da aka ce mana santsin banɗaki ne, shi ne. Ni kuwa a lokacin har kiransa na yi daga nan ina masa godiya kan yadda yake jinyarta.

Na shiga na same ta, na ce bidiyon yana nan a wayar matata, komai ya fito har muryarsa, zan tura wa Baba. Ta sauko daga kan gado ta durƙusa ta riƙe ƙafata.

"Yaya don girman Allah kada ka tura. Ka san jikin Baba, in ya ga wannan ba zai tashi ba."

Na ce to ki zauna a nan, kada ki bi shi.

"Yarana fa? Suna hannun Hajiyarsa. Ya sha faɗa min duk ranar da na fita ba zan ƙara ganinsu ba, kuma zai aikata. Ka bar ni in koma, na san yadda nake lallaɓa shi."

Maganar Baba gaskiya ce, hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali. Ta ce in rantse ba zan tura ba. Ban rantse ba, na ce na ji, ita kuma ta ɗauka alkawari ne.

Kafin in gama tunani Kabiru ya riga ni. Ya tura hoton fuskarsa gida, ya ce Rahama ce ta firgita a sama tana neman faɗowa ya riƙe ta da ƙarfi, ni kuma na hango daga nesa na yi masa mummunar fahimta. Shekaranjiya Baba ya kira ni, tunda nake bai taɓa yi min magana irin wannan ba. Ya ce baƙona, aminina, mijin ƙanwata, a ƙasar mutane na nakasa shi, ashe abin da China ta koya min ke nan. Ya ce a ba Rahama waya, a gabana ta ce masa eh Baba haka aka yi. Ya yanke hukunci in je in ba Kabiru haƙuri, in kai masa matarsa filin jirgi da hannuna, in ba haka ba kada in ƙara kiransa. Ina riƙe da wayar da bidiyon yake ciki, na ce to Baba.

Yau bayan Juma'a a masallacin Huaisheng manyanmu suka tare ni, labari ya riga ya zaga yadda Kabiru ya ba da shi. Kowa faɗa yake min, ba a shiga tsakanin miji da mata, in je in gyara. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne kawai ya ja ni gefe ya ce ya san ni ba mai faɗa ba ne, in akwai abin da nake ɓoyewa in nemi babba a dangi in faɗa masa tun kafin a yi jana'iza. Matata ma ra'ayinta ke nan, in tura bidiyon ga Baffanmu ƙanin Baba, wanda shi ya ba da aurenta, ya je ya ɗauko yaran da dabara kafin jirgi ya sauka. Amma Baffa ba ya ɓoye wa Baba komai, kuma in Kabiru ya ji an tura, Rahama ce za ta zauna kusa da shi sama da awa goma a jirgi, ita za ta shiga gida da shi.

An sallami Kabiru daga asibiti jiya, yana otal, fasfonta yana hannunsa. Ba ya iya magana sai rubutu. Ni bai ce min komai ba, ita ya tura wa saƙo, matata ta gani a wayarta, kalma huɗu ne, za mu je gida.

Jirginsu jibi ne, Lahadi. In na tura bidiyon ina tsoron in kashe mahaifina, in raba ta da 'ya'yanta, kuma ta ce ba za ta yafe min ba. In na riƙe ta a nan bizarta saura kwana tara kuma ba fasfo. In na bi umarnin Baba na je ba da haƙuri, ban amince da kaina ba in na ga fuskarsa, kuma ni da hannuna zan sake miƙa masa ita karo na biyu. Malaman da ke gidan nan, wannan "na ji" da na ce mata, alkawari ne da ya hau kaina? Iyaye mata, musamman wadda ta taɓa zama irin wannan zaman, me kika so ɗan'uwanki ya yi miki a lokacin, ko da bakinki yana cewa a bari? Yanzu haka da nake rubutun nan tana falo da hannu ɗaya tana ninke masa kayansa a akwati. Don Allah ku faɗa min, in tura ko in yi shiru?