Reshe Ɗaya Daga Mangwaron Baffa

Ingila, 3 ga Oktoba

Yaya Jumare,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baffa.

Inna ta ce mangwaron Baffa ya fara bushewa, kana shirin sarewa. Don Allah ka dakata. Tsohuwar da nake jinya a nan tana da bishiyar tuffa tun ta kakanta. 'Ya'yanta manya ne, koraye, ga tsami kamar tsamiya, ba a cin su sai an dafa, su narke kamar fate. Na roƙi irinta in shuka, ta yi mini dariya. Ta ce iri ba ya maido uwarsa, sai an yanki reshe an ɗaura wa wani dashe.

Nan na tuna, Yaya. Haka Baffa ya samo namu, reshe ɗaya daga Shira, kuma duk Azare ban san mai irinsa ba. Ka kai wa Malam Bubayero mai lambu reshe ko uku ne, ya yi musu aure.

Ƙanwarka,
Saliha

Azare, 19 ga Oktoba

Saliha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna na gaishe ki.

Wato daga Ingila za ki koya mini mangwaro? Ba ki nan reshe ya faɗo ya ɓurma kwanon ɗakin Inna, saura ƙiris ya same ta. Ni ma ɗan Baffa ne. Ƙwallayen bara na nan, na shanya su sun bushe sarai, cike da buhu. Da damina zan shuka miki goma.

Yayanki,
Jumare

Ingila, 1 ga Nuwamba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba raini ba ne, wallahi tsoro nake ji. Ban ga gawar Baffa ba, bishiyar nan kaɗai ta rage mini. Reshe ɗaya nake roƙo.

Saliha

Azare, 16 ga Nuwamba

Saliha,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso bayan masu gawayi sun gama sare bishiyar, har kututturen sun ƙone. Na kai wa Malam Bubayero buhun. Ya fasa ƙwallo biyar, duk sun mutu a ciki. Ya ce shanyawar ce ta kashe su.

Inna ta fito ta ga wurin. Ta dai naɗe tabarmarta ta koma ɗaki, don babu inuwa a tsakar gida yanzu.

Ki yafe mini. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Jumare