Fatar Akuya a Hannuna Za Ta Raba Ni da Aiki

Sisi Nomvuyo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni 'yar garin Nquthu ce, ina shekarar ƙarshe a karatun renon ƙwayoyin halitta a manyan tankuna, irin waɗanda ake haɗa allurar rigakafi da su. Mu kaɗan aka ɗauka horo a wata masana'antar rigakafi a Cape Town, kuma wanda ya yi ƙoƙari shi ake riƙewa aiki. Da labari ya kai gida, Malume Bhekani, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwarta, ya yanka akuya don gode wa magabata. Bayan an ci an sha, ya yanko isiphandla, wato zoben fata, daga fatar ya zura mini a wuyan hannu. Kin san ƙa'idar, ba a cirewa, ba a yankewa, sai ta tsinke da kanta.

Ranar da aka fara koya mana shirin shiga ɗakin tankunan, inda ko ƙura ba a yarda ta shiga ba, aka ce kowa ya tuɓe agogo da 'yan kunne da farcen kanti. Har matan aure sun zare zobe. Mai koyar da mu, Mis Fortuin, ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Yarinyata, wannan fa fata ce da gashinta. Ko ƙofar farko ba za ki wuce da ita ba." Na roƙe ta in naɗe da salatif in ɗora safar hannu biyu, ta ƙi. Abin haushin, na san gaskiyarta. Da kaina na goga auduga a jikin fatar na shafa a farantin gwaji, abin da ya tsiro ko ni sai da na kau da kai.

Yanzu ta gilashi nake leƙen 'yan ajinmu suna aiki, har wani Yazeed ya sa mini suna mai gadin taga. Ina dariya, amma raina a ɓace yake. Na kira Malume, ya ce wato magabatan da suka buɗe mini ƙofa su zan yar a bakin ƙofar, ya kashe waya. Zintle da muke ɗaki ɗaya a unguwar Bellville ta ce in yanke kawai, in ɗinke kafin hutun Disamba, wa zai sani? Na jiƙa fatar a ruwan zafi, na dirje da sabulu, sai ƙara tauri take, kamar da gangan Malume ya zaɓo wurin da ya fi kauri. Na ɗauki almakashi, na kasa yankewa, don mahaifiyata tana cikin waɗanda aka yanka wa akuyar. Mis Fortuin ta ce duk wanda bai ci gwajin shiga ɗakin ba zuwa ƙarshen wata, makaranta zai koma. Ina tsoro, Sisi, ban san inda zan sa kaina ba.

Mai Gadin Taga, Bellville

Ƙanwata,

Ki fara ajiye almakashin, ki kuma bar shawarar Zintle. Tsohon da ya feɗe akuya da hannunsa zai gane ɗinki tun kina bakin shinge, kuma ranar ba maganar fata za a yi ba, maganar amana ce.

Mis Fortuin ba ta raina al'adarki ba. Abin da ke cikin tankunan nan jikin jarirai zai shiga, kuma ke kanki kin ga farantin. Shi ma Malume ba mugunta yake yi ba. Bai taɓa ganin ɗakin ba, abin da ya ji a waya kawai shi ne birni ya fara sa 'yarsa jin kunyar gida.

Irin wannan magana ba ta waya ba ce. Ki sami Mis Fortuin ki gaya mata za ki je gida ki warware matsalar, ki roƙi a sa ki a sashen da ba ya buƙatar shiga ɗakin kafin ki dawo. Sannan ki hau bas zuwa Nquthu. Kada ki tunkari Malume kai tsaye, ki fara da tsohuwar da yake jin nauyinta a dangi, ki nuna mata hoton kayan da kuke sawa tun daga kai har ƙafa. A gidaje da yawa, idan lalura ta taso, babba yakan ƙona ganyen turare na impepho ya yi wa magabata bayani, ya cire fatar da hannunsa a adana ta a gida. Ban san ƙa'idar gidanku ba, amma roƙo ne da ake yi, ba ke za ki fara ba.

Zai iya ƙi, ba zan ɓoye miki ba. Idan ya ƙi, ni dai aikin zan zaɓa, kuma zai yi zafi. Amma ki gaya masa a gabansa, kina durƙushe, ki cire a tsakar gidan da aka ɗaura miki, ba a banɗakin haya a Bellville ba. Fushin da aka yi ido da ido yakan huce.

Allah ya tausasa zuciyar Malume, ya sa ki ci gwajinki.

Sisi Nomvuyo