Iskar da Na Rage wa Taya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon? Ina fata kana ɗiga maganin, ba ka ajiye shi a kan taga kana cewa yaji gare shi ba. Yaya matarmu da yara? Ka ce mata har yanzu ban ga wadda ta kai ta iya faɗa ba, shi ya sa ban ƙara aure ba.

Ni jiki lafiya lau. Zuciya ce dai sai a hankali, kuma ba wanda zan faɗa wa sai kai. Shekara shida ke nan da ka kama hannuna ka kai ni gidan Maigida, ka ce masa in na ɗauki ko allura kai za a zo a kama. Ban manta ba, kullum na tayar da mota da wannan maganar nake tayar da ita.

Bara ya sayi ƙaramar jif, irin mai ɗan tudun nan da ba ta kai manyan ba, don in riƙa kai mahaifiyarsa Hajiya asibiti wankin ƙoda sau uku a mako. A takardar da ta zo da motar an rubuta wai lita ɗaya tana yin kilomita goma sha huɗu. Ka san Maigida, in takarda ta ce masa rana ta faɗi da hantsi, fitila zai kunna. Ni kuwa a hannuna tara motar take yi, wani makon ma takwas da rabi. Na ce masa wanda ya rubuta sha huɗun nan bai taɓa shiga cunkoson bakin kasuwa ba, a titi mai santsi suka gwada ta, ba kowa a baya, ba a kunna na'urar sanyi ba. Ya ce ya ji, ya yarda da sha biyu, to sauran ukun fa ina suke tafiya? Da murmushi ya yi tambayar, amma murmushin bai kai idonsa ba.

Yaya, na san inda suke tafiya. Tsakanin gida da asibiti akwai ramuka goma sha bakwai, na ƙirga su. In aka gama yi wa Hajiya wankin nan, tana fitowa ne kamar tsumman da aka matse, ga ciwon baya. Duk ramin da muka faɗa, ta madubi nake ganin tana cizon gefen mayafinta don kada in ji. Wata rana na kasa daurewa, na tsaya wurin mai facin da ke bayan gidan mai na ce ya rage mini iska. A jikin ƙofar direba an rubuta awon iskar taya talatin da uku, na sa ya mai da duk huɗun ashirin da huɗu. Motar ta yi laushi kamar katifa. Ranar Hajiya barci ta yi har gida, na tsaya a ƙofar gida na rasa yadda zan tashe ta.

Mai facin bai ɓoye mini ba. Ya ce taya mai laushi tana shan mai, tana cinye gefenta, kuma in na yi gudu za ta yi zafi ta fashe. Na ce masa ni da ba na wuce arba'in, a giya ta biyu nake rarrafe. Sannan kafin ta fito nakan tayar da mota in kunna sanyi na ɗan lokaci, don kujerar ba ta zaunuwa in ta sha rana. Ka haɗa waɗannan, ka ga litocin da ake nema.

Za ka ce me ya hana ni faɗa masa. Hajiya ce ta hana. Maigida ya taɓa cewa in hanya na wahalar da ita zai kama mata ɗaki a gidan jinya kusa da asibiti. Ta ce mini ita a ɗakinta take so ta mutu, inda take jin jikokinta suna rigima a kan rimot. Ta sa na yi mata alkawari, na kuwa yi. Ka taya ni da addu'a.

Ka gaishe da kowa da kowa. Na bar ka lafiya.

Ƙaninka,
Sannu-Sannu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka da kyau, na gai da matarmu da yaran duka. Na ji an ce ƙaramar ta fara tafiya, Allah ya raya mana ita. Yaya idon, hazon ya ragu?

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, kowane karo kunnena yana zafi kamar lokacin da kake koya mini tuƙi da ranƙwashi. Gaskiyarka ne. Ba ka koya mini wasa da iskar taya ba, kuma da tayar ta fashe da tsohuwar mutane a ciki, da ba ni da bakin magana. Ka ce in mayar da iskar a ranar, in samo mata matashin kai. Matashin na samo, iskar ce na ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwan ne bai jira ni ba.

Abin ya fara ne a hankali. Maigida ya daina ba ni sallahun shan mai, shi da kansa yake bina gidan mai yana tsaye har a rufe tanki. Maigadi, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya, ya fara buɗe but ɗin mota in zan fita, kansa a ƙasa, wai an ce ya duba ko akwai jarka. Ban ga laifinsa ba, shi ma bakin yaransa yake karewa.

Ranar Talata aka kai motar wurin makaniki. Ya duba inji, ya duba filogi, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya leƙa dashbod. Akwai abin da ban faɗa maka ba a takardar farko, don kunya. Motocin yanzu 'yan gulma ne, ana rage iska sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama. Ni kuwa na yanko ɗan baƙin salatif na liƙe ta, don kada Maigida ya gani ya tambaya. Makanikin ya sa farce ya ɓamɓare shi a gabansa. Yaya, a lokacin ko ni da nake tsaye na ga kamannin ɓarawo a jikina.

Da muka koma gida ya kira ni falo. Hajiya tana kan kujerarta, mai girki ta laɓe a bakin kicin. Ya ce mutumin da ya iya rufe wa mota ido, me kuma ya rufe? Na ga ba mafita, na faɗi maganar taya. Na ce na rage iska ne don ramuka suna jijjiga Hajiya. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ambaci mayafi ba, ban ambaci gidan jinya ba. Ya yi dariya ya ce yau ya fara jin iska tana shan fetur. Sannan ya juya wurin mahaifiyarsa ya tambaye ta ko hanya tana damunta.

Na zuba mata ido. Ta dubi tafin hannunta, sannan ta ce ita ba abin da ke damunta, lafiya take zuwa lafiya take dawowa, ba ta san zancen wata taya ba. Muryarta tana rawa, amma ɗanta bai ji rawar ba, ni kaɗai na ji. Ban yi fushi da ita ba, wallahi. Tsoro ne, na san shi, na sha ganinsa a madubi.

Ya karɓi makulli ya ce in huta mako biyu. Zai sa wani direba ya ja motar, in shan man ya zauna yadda yake, zai ba ni haƙuri a gaban kowa. In ya sauka, to na san sauran. Na san zai sauka, Yaya. Duk wanda ya hau motar nan abin da zai fara yi shi ne ya ba ta iska.

Kada ka taso, idonka ba zai ɗauki tafiya ba. Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙaninka,
Sannu-Sannu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara da na daɗe ban rubuto ba. Na ɗauki biro ya fi sau goma ina ajiyewa. Da fatan kana lafiya, da matarmu, da yara. Allah ya ƙara wa idon sauƙi.

An gama. Sabon direban ya cika tayoyin talatin da uku cif, yana bin ramuka kamar bai gan su ba, ba ya kunna sanyi sai Hajiya ta shiga. Motar ta koma sha biyu. Maigida ya kira ni ya nuna mini lambar a dashbod da yatsa, ya ce ga shaida, mota ba ta ƙarya. Na ce masa gaskiya ne ba ta ƙarya, abin da na faɗa masa shi ne take maimaitawa. Ya ce shi ma abin da ya faɗa take maimaitawa. Lamba ɗaya ce, kowa ya ga gaskiyarsa a ciki, amma shi ne mai motar.

Bai kai ni wurin 'yan sanda ba, ya ce albarkacinka. Da ma kai ni ya yi, da ko ba komai wani zai yi tambaya. Ya ce in gaya maka ya gode da irin amanar da ka kawo masa. Wannan kalmar ce ta hana ni rubutu. Kai da ka yi shekara talatin a kan babbar mota ba a taɓa nemanka da ɗigon mai ba, yau ni na jawo ana kiran sunanka da gatse. Ka yafe mini.

Na nemi aiki gida uku. Ka san direbobi, labari ya riga ni isa ko'ina. A gida na biyu har na zagaya da mutumin, ya yaba hannuna, ya ce bai taɓa jin birki mai taushi haka ba. Washegari ya aiko a ce mini ya fasa. A bakin asibiti, inda muke zama jiran iyayen gidanmu, yanzu in na wuce sai hira ta tsaya. Wani ya laƙaba mini Mai Jarka, sunan kuwa ya bi ni. Matata kuwa ta daina zama a tsakar gida.

Ka ce in koma in fasa ƙwan, in faɗi maganar gidan jinya. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. In na faɗa yanzu zai ce kame-kame nake. In kuma ya yarda, gobe zai kwashe ta ya kai ta can, ni kuwa ba lallai sunana ya dawo ba. Shekaranjiya mai girki ta kawo mini matashin nan da na saya, a leda. Ta ce Hajiya ta ce a ba ni, kada ɗanta ya tambayi dalilinsa, kuma ta ce in yafe mata. Na ce a ce mata na yafe tun a falo.

Yanzu wurin mai facin nake yini, ina taya shi kwance taya, yana ɗan ba ni na abinci. Shi kaɗai ne a garin nan ya san gaskiya, kuma ba wanda zai tambaye shi. Rumfarsa tana kallon rami na tara, wanda ya fi duka zurfi. Jiya da la'asar motar ta zo wucewa daga asibiti, tayoyinta tantsan-tantsan kamar yadda takarda ta ce. Ta faɗa ramin ta yi tsalle. Gilashin baya a rufe yake, amma na ga hannun Hajiya ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa, na ga mayafin a bakinta. Ina riƙe da gejin iska a hannuna, na tsaya ina lissafa mata, saura ramuka takwas kafin gida.

Jibi ma za su wuce. Na ce wa mai facin zan riƙa juya wa titi baya, amma na san ba zan iya ba.

Ka ci gaba da ɗiga maganin. Ka gaishe da kowa, ka sa ni a addu'a, ita ma ka sa ta.

Ƙaninka,
Sannu-Sannu