Tiya Uku na Iri

Tasawa, 6 ga Mayu 2010

Zuwa ga mahaifina, Malam Na Allah,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi, Gwaggo da mutanen Urafane duk suna lafiya, ban da wannan yunwa da Allah zai kawo mana ƙarshenta.

Tun da soja suka karɓi mulki masu furojen namu na agaji suka tsai da aiki, sai zaman kashe wando muke a biro, wato ofis, ko da yake ni zane nake ɗaurawa. Shi ya sa na saba da wasan ordinatar ɗin nan, wato kwamfuta, da na fara ba ka labari. Fili ne na ƙananan gidaje rufaffu, an binne nakiya a wasu. In ka buɗe gida ka ga lamba ɗaya, to nakiya ɗaya ce cikin gidaje takwas da ke kewaye da shi, in biyu, biyu. Da hankali kake gano inda take, ka kafa mata jar tuta ka wuce. In ka taka ta, wasa ya tashi.

Ina dannawa filin na buɗewa, sai in ga kamar gonarmu ta gabas ce da safiyar ruwan fari. Har ƙamshin ƙasa nake ji, kana gaba da sungumi, ina biye ina rufe rami da diddige.

Saƙonka ya iso, wai in tambayi injin, tun da yana ganin abin da ke ɓoye, ko ka yi bizne, ka shuka tiya ukun irin da ya rage tun ƙasa na bushe, ko a jira ruwa. Na yi dariya, Baba. Amma na tambaya. Ga amsa: ka shuka.

'Yarka mai kewarka,
Asma'u

Tasawa, 11 ga Yuni 2010

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Sanda direba ya faɗa mini komai: an yi yayyafi, hatsin ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, ya ƙone ƙurmus.

Kwana uku ina juya takardar nan. Baba, injin bai san ruwa ba, bai san Urafane ba. Ni ce na ce a raina, in na ci wasan ka shuka, in na faɗi ka jira. Na faɗi. Na sake, na faɗi. Sau huɗu nakiya na tashi da ni, domin a wasan akwai inda lambobi ke ƙarewa, gida biyu su rage, sai dai ka rufe ido ka zaɓa. A na biyar na ci, shi na rubuto maka. Tsoro na ji kada yunwa ta sa a daka irin, kuma ina son in ga gonar nan kore ko sau ɗaya. Na manta cewa kai dannawa ɗaya gare ka, ba ka da wani irin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Sanda ya ce ran kasuwa da aka tambaye ka, ka ce shawararka ce kai kaɗai, wasiƙata ma ba ta iso ba. Ta iso, Baba. A hannunka ya sa ta.

Ina tafe ranar Juma'a mai zuwa. Don Allah kada ka yafe mini tun daga ƙofa. Ka bari in zauna in faɗa da bakina, Gwaggo na ji.

Taka har kullum,
Asma'u