Zanen da Baba Ya Wanke

Assalamu alaikum Yaya Sale,

Gaisuwa mai yawa daga Agege. Ya aiki, ya Anti Hajara da yara? Da fatan kowa lafiya.

An ɗaga gashin da za a yi wa Baba a asibiti, wato ƙona ciwon wuyansa da hasken na'ura. Bayan sun ɗauki hoto, sun yi masa zane da tawada a fata. Likitar ta ce na'urar zagaya shi za ta riƙa yi, ta ƙara ƙarfin haske a kan ciwon, ta rage ta wajen laka, kuma da zanen nan ake saita shi. Ran Juma'a Baba ya sa soso ya goge shi tas, wai kada tawada ta hana ruwan wanka taɓa fata.

Da muka koma, aka ce sai an sake hoto da lissafi, mu jira kira. Ban yi faɗa ba, ban yi kuka ba. Muka hau danfo muka dawo.

Jiya ko kunu bai wuce masa ba. Shi damuwarsa, in aka sake zanen, ko sallarsa za ta yi. Ka tambayar mana malaminku, ni na rasa amsa.

A sa mu a addu'a. Ka gai da Gwaggo.

Ƙanwarka,
Rabi