Yayana ke riƙe kuɗin hayarmu, zuciyata kuma ta ƙi kwanciya

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, domin abin da ke cina ba na iya faɗa wa kowa a gida.

Ina aiki a wani shagon sayar da magani, kuma ina zaune da ɗan kawuna, wanda nake ce wa Yaya, a ciki da falo a saman bene. Shi ya karɓe ni lokacin da na shigo gari ko katifa ba ni da ita. Na daɗe ina ci ina sha a wurinsa, bai taɓa yi mini gori ba. Da na fara ɗaukar albashi muka shirya za mu riƙa raba haya biyu. Duk ƙarshen wata nakan ba shi kasona ya ajiye, in shekara ta zagayo ya haɗa ya kai wa mai gida. Ni tsakanina da mai gidan sai gaisuwa daga nesa.

Kwanan baya Yaya ya ce an ƙara haya, ƙari mai nauyi, sai na ciko. Na ce to. Sai na kai wandona gyara wurin telan da ke hayar shago a ƙasanmu, cikin hira na yi ƙorafin ƙarin. Ya ɗago kai daga keke ya ce shi kam ba wanda ya ce masa komai. Tun daga ranar na rasa sukuni. Ga shi ba a jima ba Yaya ya shigo da sabon babur, kullum yana goge shi a ƙarƙashin matakala. Da na nemi lambar mai gida don in roƙe shi sassauci, dariya ya yi ya ce wannan maganar manya ce, in bar masa.

Anti, yanzu na koma wani iri. In wayarsa ta yi ƙara ya fita baranda, sai in rage rediyo in kasa kunne. In ya sayo nama, maimakon godiya sai in ji kamar kuɗina nake taunawa. Shi kuwa bai canza mini fuska ba, har rage mini hanya yake yi a kan babur ɗin, ina bayansa ina saƙe-saƙe. Cikon nan kuma daga ɗan abin da nake tarawa don komawa karatu zai fito. Abokin aikina ya ce in tattara in nemi ɗakina. Shin in je wurin mai gida a ɓoye, ko in kai ƙara wurin Kawu, ko in tashi?

Naki,
Mai Zaman Ɗar-ɗar

Ƙanena,

Na karanta wasiƙarka, kuma har yanzu zato kake da shi, ba hujja ba. Hayar shago da ta ɗakin kwana ba lallai su tashi tare ba, kuma masu gida da yawa sai wa'adin mutum ya ƙare suke gaya masa sabon farashi. Babur kuwa ana ɗaukarsa biya kaɗan-kaɗan. Mai yiwuwa ma Yayanka yana gudun kada mai gida ya tuna mutum biyu ne a ɗakin ya sake ƙarawa.

Amma kai ma ba ka yi laifi ba. Wanda guminsa ke cikin haya yana da haƙƙin ganin rasit. Alherin da Yaya ya yi maka bai soke wannan haƙƙi ba, kuma hana ka lambar nan ni ma bai kwanta mini ba.

Kada ka je wurin mai gida a ɓoye. In Yaya na da gaskiya ka kunyata shi a banza, in ba shi da ita ka tona asirin gidanku a waje. Kawu ma a bar shi tukuna. Ka sami Yaya hankalinsa a kwance, ka fara da godiya, sannan ka ce masa cikon daga kuɗin karatunka zai fito, don haka kana so ku je tare ku roƙi sassauci, a kuma sa sunanka a takardar haya. Kada ka ambaci babur ko tela. Kada kuma ka saki cikon sai an yi wannan zama.

In ya yarda, daga yau kasonka ya zauna a asusunka na banki har ranar biya. In ya yi ta kewaye-kewaye, to ka fara shirin tashi a hankali, ba cikin fushi ba, domin sabon ɗaki na zuwa da kuɗin dillali da na gyara da kayan ɗaki, suna iya cinye karatun gaba ɗaya. Ko ya tabbata ya taɓa kuɗin, ka ba shi hanyar biya ba tare da tozarci ba. Gidan haya ana barinsa, amma ɗan kawu kuna tare har tsufa.

Allah ya warware muku cikin rufin asiri, ya sa albarka a karatunka.

Antinka