Biro 91, Littafi 143

Litinin, 3 ga Maris

Shugabar makarantar bayan kasuwa ta kwashe duk abin da ya rage a kantina: biro 91, littafin rubutu 143. Kyauta za ta raba wa azuzuwa. Tana so in ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kada ko biro ɗaya ya yi saura, don malamanta har kan alli suna faɗa. Ta ce in ba zan iya ba, Dogo na tsallaken titi zai iya, kuma can za ta koma da cinikinta. Na ce, "Ranki ya daɗe, shekara ashirin ina wannan sana'a." Bakina ne ya ja min.

Talata, 4 ga Maris

Dozin ya ƙi. Ni kuwa da dozin nake tunani, har ƙwai a mafarki. Biyu ta ƙi, uku ta ƙi, biyar ta ƙi. Bakwai ta raba biro, ta zo kan littattafai ta bar uku suna kallona. Wace irin lamba ce wannan, kamar jakin da ya ga gada?

Laraba, 5 ga Maris

In na ɓoye biro ɗaya da littafi uku, ƙunshi goma cif. Wa zai ƙirga? Ita Shugaba. Matar da ke ƙirga tsintsiya.

Dogo ya ɗago min hannu yana washe baki. Wa ya gaya masa?

Alhamis, 6 ga Maris

Uwar yara ta kawo abincin rana, ta tarar da ni zaune cikin tulin littattafai. Ta ce, "Maigida, kai da ka ce lissafi a jininka yake?" Na ce ta ajiye kwano ta kama gabanta. Ba ta tafi ba. Ta yagi kwali, ta ce a fasa kowace lamba har sai an kai ga waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. 91, bakwai sau sha uku. 143, sha ɗaya sau sha uku. "Wace ce ta fito a duka biyun?" Sha uku. Ƙunshi sha uku, kowanne biro bakwai, littafi sha ɗaya.

Sha uku! Wane ɗan kasuwa mai hankali ne ke raba kaya da sha uku? Na ce ai dama can na nufa. Ta ce, "Na gani. Ci abincinka, ya huce."

Juma'a, 7 ga Maris

Shugaba ta ƙirga sau biyu, ta ce kaina na ja, kayan zango mai zuwa ma a nan za ta saya. Na buɗe baki in karɓi yabon, sai na ji na ce, "Aikin mai ɗakina ne."

Zafin rana ne, ina jin. Na dai sa kafinta ya yi ƙaramin benci a bayan kanta, na mutum biyu.